Ɗan Gidanmu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina kiran rajista a makarantar firamare a Birnin Kebbi, kuma duk wanda ya zauna a ajina zai shaida cewa ni ba mai sanyin baki ba ce. Muryata har ajin da ke maƙwabtaka da mu take kaiwa. Hedimasta uku na yi zamani da su, babu wanda ban faɗa wa gaskiya a gaban idonsa ba, ɗaya ma sai da ya nemi canjin wurin aiki, ko da yake shi cewa ya yi ciwon baya ne. Amma akwai suna guda da ban taɓa kira ba. Kusan kowace shekara sai an kawo mini ɗalibi mai wannan sunan, don suna ne da ya cika gari. In na zo kansa sai in ɗaga kai in ce, "Mai suna." Ya amsa, 'yan aji su ƙunshe dariya, in zare musu ido, mu wuce na gaba. Sunan ɗana na fari ne.

Mu haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa. In ya faɗi a tsakar gida ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Alkunya ke nan, kuma da ita ake auna 'yar mutunci. Ni kuwa da na saba zuwa ta ɗaya a komai, a nan ma ban yarda wata ta wuce ni ba. Surukata takan nuna ni ga baƙi ta ce, "Kun ga wagga? Boko bai ci kunyatta ba." Ina jin daɗin maganar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Da ɗan nawa ya isa yaye aka kai shi Argungu wurin kakarsa, uwar mijina, da sunan zai yi 'yan kwanaki ya manta nono. Kwanakin suka zama shekaru. Ni ba ni da bakin cewa a dawo da shi, mijina kuma ba zai iya karɓe ɗa daga hannun uwarsa ba. Can ya girma. Tsohuwar yake kira Inna, ita kuma tana ce masa mai gidanta, tana tsokanarsa wai miji ne da ba ya kawo cefane. Ni kuwa Malama yake ce mini, kamar kowa. Na haifi mata uku bayansa. Su kam na sake jiki da su, na dake su, na rungume su, na kira sunayensu har ya gundure su.

Karatu bai kama shi ba. Da ƙyar ya gama sakandare ya bi baffansa, ƙanen mijina, zuwa fadama. Amma ƙasa ta san hannunsa. Damina shinkafa, rani albasa, in an samu sarari ya taɓa kamun kifi. Duk ƙarshen rani yakan shigo Birnin Kebbi da buhun albasa, ya sauke a zaure, ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗakina ya ce, "Malama, ina wuni?" In amsa ina kallon tabarma. In tambayi lafiyar Inna, da ta baffansa, da ta matarsa bayan ya yi aure, in tambayi ruwa, in tambayi kasuwa. Tasa kaɗai nake tsallakewa. Bayan ya tafi sai in zazzage buhun in ga yadda ya zaɓo manya-manya, jajaye, masu busasshen wuya, in zauna ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Wannan kam babu mai ganina.

Mijina ya rasu, bayan shekara biyu Inna ta bi shi. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, sai yanzu da na yi ritaya nake da sararin tunani, shi ne al'adar nan da ƙafa biyu take tafiya. Uwa tana kau da kai ne saboda akwai kaka da ta zuba ido. Ranar da aka binne tsohuwar, babu sauran mai zuba masa ido a duniya, ni kuma na ci gaba da kau da kaina kamar ba abin da ya canza.

Ƙwaya a bakin aiki ta same shi, ba a majalisar banza ba, wannan ina so a sani. Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa ya san aiki ne mai karya ƙugu. 'Yan ƙwadago suna da abin da suke kira maganin gajiya, taramol, a jefa a shayi da safe, mutum ya wuni a duƙe cikin laka bai san rana ta yi ba. Ya fara da guda a kwanakin dashe. Daga baya ta zama ta kowace safiya, sannan ta safe da ta azahar, har ya kai in bai sha ba hannunsa ba ya iya riƙe kofi. Duk wannan daga baya na ji. Amma ba zan ce ban ga komai ba. Na ga ramar, na ga idon, na ga buhun albasar ya koma rabi kuma an haɗa da ƙanana da masu ruɓa. Na san ruwa ba ya tsami banza, ban dai tambaya ba.

Matarsa ce ta zo da kanta wata ranar Laraba, da goyo a bayanta. Yarinya ce mai haƙuri, 'yar garin Gulma. Ta gaishe ni, ta zauna nesa, ta daɗe tana wasa da bakin zanenta kafin ta ce, "Mama, ɗanku ba shi da lahiya. Shekaranjiya ya hwaɗi bakin injin ban ruwa, jikinai na karkarwa, kumhwa na hita ga baki. Da ba mutane kusa, cikin ruwa za a tsamo shi. Ƙwaya ta, Mama. Kullum sai ya sha."

Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "Kin gaya ma baffanai?"

"Na gaya mai."

"To, shi ad da magana."

Ta ɗago ta dube ni, kallon da ba ta taɓa yi mini ba, sannan ta mayar da kai ƙasa. Na sa aka dama mata fura. Ita ba ta kiran sunansa don miji ne, ni ba na kira don ɗan fari ne, muka yi fiye da rabin awa muna maganar mutum guda, babu wadda ta ambace shi. Da ta tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka son raina, na wanke fuska na fito na ci gaba da tankaɗe.

Baffansa ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, an jiƙa saiwoyi kala-kala. Ya yi sati biyu kamar ya bari, ya koma. Ya sayar da albasa tun tana gona kafin ta ƙosa. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma Gulma gidan iyayenta, ta ce ba ta nemi saki ba, amma ba za ta dawo ba sai ya yi magani na gaskiya. Har wani ya kawo shawarar a kai shi inda ake ɗaure irinsu da mari. Nan ne autata ta tashi tsaye. Ita ce ta gado bakina, tana aiki a sakatariya, kuma ba ta san wata alkunya ba balle ta hana ta barci. Ta ce duk wanda ya sa wa yayanta ƙarfe a ƙafa sai sun haɗu a kotu.

Ita ce kuma ta zo da labarin tallafin. Gwamnati ta ware kuɗi don inganta jinyar masu shaye-shaye a manyan birane, kuma Birnin Kebbi, da yake nan ne fadar jiha, an sa ta a ciki. An gyara wani ɓangare a wani asibitin gwamnati, an zuba gadaje, an kawo likita da ma'aikatan da aka horar su riƙa zama da marasa lafiya suna magana da su, kuma kyauta ne. Sharaɗin dai shi ne mazauna birni za a fara ɗauka. Da baffansa ya ji haka ya riƙe haɓa ya ce, "Wato ƙwayar Argungu ba ta bugarwa, sai ta birni? Mu ka noma, ku ka cin tallahi." Auta ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai yayanta yana da gida a birni. Ta ɗauki fom ta rubuta sunansa a sama, adireshin gidana a ƙasa. Ranar ce karon farko da na ga sunan nan da gidan nan a kan takarda ɗaya.

Gadajen kaɗan ne, masu jira kuwa ba iyaka. Auta ta yi ta safa da marwa wata biyu, har masu gadin wurin suka san ƙarar takalminta. Da aka kira, baffansa ya kawo shi da kansa. Ya yarda ya zo ne saboda matarsa da 'ya'yansa. An ce zai yi wata uku, kuma ba a kulle kowa, wanda ya shiga da ƙafarsa yana iya fita da ƙafarsa.

Makonnin farko sun yi masa tsanani, in ji auta: amai, zufa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Ni dai na kama tukunya. Kullum sai na tuƙa tuwon shinkafa da hannuna, na yi miyar kifi yadda na san Inna tana yi masa, mai yawan daddawa, na zuba a kula auta ta kai. Daga gidana zuwa asibitin nan tafiyar minti goma ce a kan babur ɗin kabu-kabu. Ban je ba ko sau ɗaya. A ganina kular tana magana a madadina, kuma in ta dawo babu komai a ciki sai in ɗauka an amsa mini.

A mako na biyar auta ta dawo da fara'a ta ce, "Mama, ya yi kyau, wallahi sai kin gan shi. Kuma ran Alhamis ana biɗar ki." Ta bayyana mini cewa a cikin tsarin jinyar akwai abin da suke kira zaman iyali. Kowane mara lafiya yakan zaɓi mutum guda daga danginsa, a zauna su uku da ma'aikaciya a yi magana, don wai in an sallame shi wannan mutumin ne zai riƙe shi.

Na ce, "Sai a gaya ma baffanai."

"An ce mai baffa, ya ce a'a. An ce mai ni, ya ce a'a. Ke yaz zaɓa."

Na fara kawo dalilai, ta katse ni. "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na zage ta da rashin ta ido, amma ranar Alhamis na sa hijabina mafi kyau na tafi.

Ɗakin ƙarami ne, yana ƙamshin sabon fenti, da kujerun roba uku da fanka a sama. Ma'aikaciyar ba ta wuce sa'ar autata ba, Hausarta ta gabas ce, tana da murmushi mai yawa. Shi kuma yana zaune cikin farar riga, ya yi aski, kumatunsa sun fara dawowa. Da ya gan ni ya sauko daga kujera ya durƙusa kamar yadda ya saba. Ta ce ya tashi ya zauna kusa da ni. Gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Tun ranar da aka ɗauke shi daga bayana zuwa Argungu ban taɓa zama kusa da shi haka ba, har ina jin numfashinsa.

Ta buɗe fayil ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Ke ce mahaifiyarsa?"

Tambayar da ɗan aji ɗaya zai amsa. Na dubi bango na ce, "Ɗan gidanmu na."

Haka ake faɗa. Haka na ji uwata tana faɗa a kan babban wanmu, haka na faɗa sau ɗari a wurin biki da suna, kowa ya gane, wasu ma su yi murmushi su yaba. Ma'aikaciyar ta sake duba takarda ta ce, "A nan ya rubuta uwa."

Na ce, "To, abin da yar rubuta ke nan."

Ba ta ji haushi ba. Ta gyara zama ta ce ta san al'ada, kuma tana girmama ta, amma a ɗakin nan akwai abu guda da suke roƙon kowane mahaifi ya yi. Ya kira mara lafiya da sunansa, ya dube shi, ya faɗa masa abu ɗaya da yake tsoro da abu ɗaya da yake fata. "Mu uku ne kawai, Hajiya, ƙofa a rufe take. Ki kira sunansa ki gaya masa."

Ina da abin faɗa. Ina tsoron a tsamo shi daga ruwa, ina fatan in ga buhun albasarsa a zaurena har in mutu. Da na buɗe baki sai Malama ta fito. Na ce, "Ke ɗiyar ga, wa yay yi renonki? Gwamnati ta ba ku kuɗi ku yi magani, ba ta ba ku don ku koya ma tsohhi rashin kunya ba." Na ɗora mata karatu na kusan minti biyar, a kan tarbiyya, a kan abin da babba ya hango wanda yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na iya magana, Allah ya sani, kuma na ci gardamar kamar yadda na saba ci.

Sai ya yi wata 'yar dariya mara sauti ya ce, "Likita, ku ƙyale Malama. Ba ta saba ba." Ya juyo wajena kansa a ƙasa ya ce, "An gode da tuwo. Miyar jiya ta yi daɗi."

Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ƙwato wani abu. Da yamma na ba maƙwabciyata labari, ta tafa hannu ta ce na yi daidai, 'yan zamani ba su san girma ba.

Kwana shida bayan nan auta ta dawo da kula a cike. Ta dire ta a gabana har murfin ya yi tsalle. Ya nemi sallama da safe. Likita ya roƙe shi, ma'aikaciyar ta roƙe shi, ya ce albasa na son ruwa kuma ba mai ba ta. Kafin la'asar an ba na gaba a layi gadonsa. Auta ta ce, "Mama, kalma guda anka roƙe ki." Sannan ta jefa mini wata takarda da ta tsinta a cikin ledar kayan da ya bari, shafin littafin makaranta ne, an naɗe shi gida huɗu. Ashe an ce kowa ya shirya abin da zai faɗa a zaman, shi kuma ya rubuta nasa. Rubutunsa bai taɓa kyau ba. A layin farko ya sa Malama, ya ja layi ya soke, ya rubuta Mama a sama. Sauran duk neman gafara ne, wai ya jawo wa gidana abin kunya.

Kada wani ya ɗauka a ranar na tuba. Taurin kaina ya fi haka. Na yi watanni ina kare kaina a gaban duk mai saurare. Na ce ƙwaya ce ta kira shi, da ma mai shaye-shaye ba ya rasa dalili. Na ce uwata haka ta yi wa babban wanmu, ga shi nan dattijo mai mutunci, bai sha ko sigari ba. Ina cikin wannan waƙar wata rana a gidan gwaggona, ƙanwar mahaifiyata, tsohuwa ce tukuf amma kunnenta garau, sai ta ce, "Wa yac ce miki?" Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekarar da sanƙarau ya kama wan nan nawa yana yaro, uwata ce ta fizge shi daga hannun kakarsa ta goya shi, ta tafi asibiti a ƙasa ba mayafi, tana kiran sunansa tun daga ƙofar gida har bakin asibiti don kada ya lumshe ido. Da ya warke ta mayar da shi, ta koma kau da kanta, kuma har ta mutu in an tayar da zancen sai ta ce ƙarya ake yi mata. Gwaggo ta ce, "Kunya riga ta, ɗiyata. In wuta ta kama, tuɓe ta aka yi."

Na dawo gida ban iya cin abinci ba. Su iyayenmu sun san inda ake ajiye kunya. Ni da na ɗauke ta kamar darasin jarrabawa, haddacewa na yi, ban fahimta ba. Na yi nadama irin wadda ban taɓa yi ba, kuma har yau ina cikinta.

Labarin da ke zuwa daga Argungu ba mai daɗi ba ne. Ya koma sha, ya fi da. Gonar da ya gada an ba wani haya, shi yana ƙwadago a gonakin mutane. Matarsa tana Gulma har yanzu. Da rani ya zagayo na shirya ni kaɗai, ban gaya wa auta ba, na tafi asibitin. Nas ɗin da ke kan tebur ta ce wanda ya fita da kansa sai ya koma ƙarshen layi. Ta kuma rage murya ta ce wa'adin tallafin ya kusa cika, ba su san ko za a sabunta ba, ana raɗe-raɗin za a fi ba da ƙarfi ga biranen da suka fi namu yawan jama'a. In muna so mu yi sauri. Ta miƙo mini fom. Na cike shi da kyakkyawan rubutuna na malamai. A layin dangantaka na rubuta uwa, na danna biro har ya kusa huda takardar. Saura layi guda a ƙasa, na sa hannun mara lafiya, kuma ta ce wannan ba mai yi masa.

Washegari na hau motar Argungu. Baffansa ya yi mamakin ganina, ya ce in zauna a aika a kira shi. Na ce a'a, a nuna mini hanya. Ɗan kabu-kabu ya kai ni inda hanya ta ƙare, na taka sauran a ƙasa, ina tsallake tiyon ban ruwa, warin albasa da na fetur suna dukan hancina. Lokacin cira ne. Mutane biyar ko shida suna duƙe a cikin fangali suna tumɓuke albasa suna jerawa. Na gane shi daga baya, ta ƙeyarsa, irin ta ubansa ce. Rigar ta yi masa yawa.

Na tsaya a kan kunyar gona na kira sunansa.

Shekara talatin da bakwai sunan nan yana cikin bakina ban fito da shi ba. Ya fito a shaƙe, ko ni da ƙyar na ji. Na yi gyaran murya na sake kira, wannan karon da muryar rajista, wadda ke kaiwa ajin maƙwabta. Wani ɗan ƙwadago daga can gefe ya ɗago ya ce, "Na'am?" Shi ma sunansa ke nan. Na girgiza masa kai. A kira na uku ɗana ya miƙe, ya riƙe ƙugu, ya juyo. Ya gan ni. Sai ya waiwaya bayansa, ya dubi hagu, ya dubi dama. Sannan ya karkaɗe hannu ya taho da sauri ya durƙusa a gabana cikin ƙasa.

"Malama, lahiya? Wa kika biɗa?"

Na ce, "Kai."

Ya ce, "To." Yana jiran saƙon da aka aiko ni da shi.

Na durƙusa ni ma, gwiwoyina suna ƙara. Na ciro fom ɗin daga jaka. Na faɗa masa komai, ba a jere ba, ba kamar mai koyarwa ba. Na ce ina tsoron ruwan nan da ke bayansa. Na ce ya dawo asibiti, zan zauna a kujerar nan duk ranar Alhamis, duk abin da yarinyar ta ce in faɗa zan faɗa. Na ce ni ce uwarsa, ni na haife shi ranar Juma'a da hantsi. 'Yan ƙwadagon suka kau da kai suka ci gaba da aiki, su suka yi mini alkunya.

Ya saurara har na gama. Ya dubi takardar bai taɓa ta ba. Babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, da ma akwai da na fi samun sauƙi. Ya yi magana a hankali, da ladabi, kamar mai bayyana wa baƙo hanya.

"Allah shi saka, Malama. Amma wurin ga na masu uwaye na. Ni Inna ta rasu."

Ya tashi ya nemi izinin mai gonar, ya bi jerin albasar yana zaɓe, manya-manya, jajaye, masu busasshen wuya, ya cika mini rabin buhu. Ya ɗauka a kafaɗa ya raka ni har inda ɗan kabu-kabu ke jira, ya ɗaure shi a baya da kyau, ya ce a gaida mutanen gida.

Fom ɗin yana cikin jakata har yanzu. Duk sati biyu nakan koma Argungu da shi, in tsaya a bakin gona in kira sunan. Yanzu yakan juyo a kira na farko. Layin ƙasa dai babu komai a kansa, kuma ranar da na leƙa asibitin ta ƙarshe, nas ɗin ta ce an rage gadaje.